Shekara 9 ina jiran ya turo magabatansa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 35, ban taɓa aure ba. Shekara 9 ke nan ina tare da wani ɗan kasuwa mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma ba zan ɓoye miki ba, mun wuce gona da iri tun a shekarar farko. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna muka haɗu. Shekara 5 da suka wuce ya ce in bar aikin, ya ajiye ni a wani gida da ya ce nawa ne, amma takardun suna hannunsa, da sunansa. Iyayena a garinmu har yau sun ɗauka aiki nake yi. Duk sanda na tayar da maganar aure sai ya ce in bari uwargida ta haihu, in bari ya dawo daga Hajji, in bari ya gama gini. Ya hana ni ɗaukar ciki. Yanzu ya ce a ɗaura a ɓoye, kar gidansa su sani. Kwanan nan na kalli wani tsohon fim na Amurka a waya, Back Street, labarin matar da ta ƙare rayuwarta tana son mijin wata, shi ma da sunanta a bakinsa ya cika. Na yi kuka, na ce ashe irin wannan so gaskiya ne ko babu aure. Ga kuma wani malamin makaranta da matarsa ta rasu yana nemana tsakani da Allah. In ci gaba da jira, in yarda da auren ɓoye, ko in rabu da shi? Daga ƙanwarki a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya yaye miki. Kin kyauta da kika faɗi lamarin yadda yake ba kwana-kwana, don haka ni ma ba zan yi miki rufa-rufa ba.

Bari mu fara da fim ɗin, tunda shi ya sa ki kuka. Sau uku aka yi Back Street, a 1932 da 1941 da 1961, duka daga littafin Fannie Hurst na 1931. Zan yi magana a kan na 1932, wanda John M. Stahl ya ba da umarni, Irene Dunne ta fito a Ray Schmidt, John Boles ya fito a Walter Saxel, don jigon labarin duk ɗaya ne. Ray budurwa ce a birnin Sinsinati. Walter kuwa an riga an yi masa baiko da wata 'yar masu hali. Ya ce wa Ray ta same shi a wurin da makaɗa ke wasa, ya nuna ta ga mahaifiyarsa. Wata matsalar gida ta tsare ta, ta iso an watse, ya auri waccan. Bayan wasu shekaru suka yi kiciɓis a Niyu Yok, shi ya zama babba a banki, ya kama mata ɗaki, ta zauna a lungun rayuwarsa sama da shekara 20. Ma'anar sunan fim ɗin ke nan, layin baya.

Abin da ya tsaya miki a rai shi ne mintunan ƙarshe, inda ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya sa aka kira masa ita a waya, ya cika tana saurare. Ki koma ki kalli tsakiyar fim ɗin da idon basira. Ray ta bar aikinta don duk lokacin da ya bugo waya ya same ta a ɗaki. Ya kwashi matarsa sun tafi Turai ya bar ta tana lissafin 'yan canji, tana zane a jikin tangaran don ta samu na cefane. Ta roƙe shi ɗa guda ɗaya, ya hau ta da faɗa. Yanzu ki sake karanta wasiƙarki: aiki, gida, ciki. Abin da aka karɓe wa Ray shi aka karɓe miki, kusan a jere iri ɗaya. Har malamin makarantarki yana cikin fim ɗin. Sunansa Kurt, mai shagon kekuna da ya zama mai kamfanin motoci. Ya nemi Ray da aure, ta amince, ta tattara kayanta ta tafi. Walter ya bi ta da magiya, ta dawo, kuma daga nan ba ta sake samun irin wannan damar ba. Masu fim ma sassauta ƙarshen suka yi, suka sa ɗan Walter ya zo ya yi mata alkawarin ci gaba da ciyar da ita. A littafin, Walter bai bar mata komai ba, cikin talauci ta mutu ita kaɗai a Faransa.

Ban ce babu so a tsakaninku ba. Shekara 9 ba kwana 9 ba ce, kuma na yarda yana jin ki a ransa. Amma akwai bambanci guda tsakanin Walter da mutuminki wanda shi ne amsar tambayarki. Walter yana ƙasar da doka ta ce mata ɗaya. Ba shi da hanyar auren Ray sai ya saki matarsa, kuma kujerarsa ta banki ta hannun dangin matar ya same ta. Wannan bai wanke shi ba, amma aƙalla akwai ƙofar da ke kulle a gabansa, kuma a kan wannan kullen aka gina duk baƙin cikin fim ɗin. Naki mutumin Musulmi ne mai mata ɗaya. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta ba shi damar ƙarawa har huɗu in zai yi adalci. Yana riƙe da gida biyu tun shekara 5, don haka rashin hali ba ya cikin zancen. Abin da aure ke buƙata sananne ne: waliyyi, sadaki wanda mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari ne, shaidu biyu adalai, da siga. Abin da ake gamawa cikin minti goma bayan an idar da sallar Juma'a, a raba goro da alawa a watse. Juma'a sama da 460 ta wuce ku. Uwargida ta haihu, ya dawo daga Hajji, kowane uzuri ranarsa ta zo ta wuce, sai ya haifi wani. Abu ɗaya ne zai iya zama kulle na gaske, wato in auren rajista ya yi da matarsa, domin dokar aure ta Nijeriya ta hana mai irin wannan aure ƙara mata, har da ɗaurin shekara 5. In haka ne, to tun ranar farko ya san ba zai iya aurenki ba, ya yi shiru. In ba haka ba ne, zaman da kuke yi ne ya fi masa daɗi, yana samun duk abin da miji ke samu ba tare da rabon kwana, ko gaisuwar surukai, ko fushin uwargida ba. Jiran da kike yi jiran gawon shanu ne.

Auren ɓoyen da ya kawo yanzu, kar ki yarda da shi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na arewa ke aiki da ita, auren sirri shi ne wanda miji ya umarci shaidu su ɓoye, kuma littafin fiƙihu Muhtasar na Shehu Halil ya faɗa ƙarara cewa ko daga matarsa kaɗai aka ce a ɓoye, ko daga mutanen wani gida, ko na 'yan kwanaki, raba auren ake yi matuƙar ba a tare an daɗe ba. Izinin uwargida ba sharaɗi ba ne, amma haɗa baki a ɓoye mata yana ɓata ɗaurin. Sannan wa zai zama waliyyinki? Mahaifinki yana raye, yana zaton kina aji kina koyarwa. Abin da aka saba yi shi ne a samo wani malami a wata unguwa ya tsaya a madadin uba, abokan ango biyu su zama shaidu, a ɗaura a falo. Ranar da mijin ya faɗi, waɗannan abokan su ne za su zaɓa tsakanin ke da iyalin amininsu.

Ki tsaya ki hango wannan ranar, don mutuwa ba ta sallama. A yadda kike yanzu, a sitatus ɗin WhatsApp na wani za ki ga hotonsa da Inna lillahi a ƙasa. Za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, mata na shiga suna yi wa uwargida gaisuwa, ke kuma ba ki da sunan da za ki shiga da shi. Ba ki da takaba ta wata huɗu da kwana goma. Tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas da aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta ba matan mamacin da ya bar 'ya'ya, na matan aure ne kaɗai. Ko wasiyya ya yi miki, ba za ta wuce sulusin dukiyarsa ba, kuma mutumin da ya kasa faɗin sunanki yana raye da wuya ya rubuta shi inda 'ya'yansa za su karanta. Gidan da kike ciki kuwa, a fiƙihun Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kafin ciwon ajali ko karayar arziki, kuma a samu shaidun da za su tabbatar kyauta ce. Zamanki a ciki kaɗai ba hujja ba ce, magada za su ce aro ne, takardar mallaka kuma tana bayansu. "Gidanki ne" da aka faɗa a ɗaki daga ke sai shi ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Haka batun ciki. Maganin tsarin iyali yakan kuskure. In ciki ya shiga ba aure, ɗan ba ya bin nasabar uban kuma ba ya gadonsa, ko an yi gaggawar ɗaura aure, in aka haihu kafin wata shida da ɗaurin, hukuncin bai canja ba. Kin san labarin Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, waɗanda aka yanke wa hukuncin jifa kan zina, daga baya kotunan ɗaukaka ƙara suka sallame su a 2002 da 2003. A duka shari'o'in biyu mazan da aka ambata sun musa, aka sallame su tun farko, matan ne suka tsaya gaban kotu da jarirai a hannu.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ko shi za ki aura ko malamin makarantar, akwai istibra'i a kanki, wato ki tsare kanki daga kowane namiji har ki ga jini uku a mazhabar Malikiyya, wasu malamai kuma sun ce ɗaya ya wadatar. Wannan ya shafi har shi mutumin da kuka yi laifin tare. A cikin wannan lokaci ba a ɗaura aure, ba a sa rana, ba a ma neman aure a fili. In ƙwaya kike sha, jinin yakan dawo cikin 'yan makonni bayan kin daina. In allurar wata uku-uku ce, yana iya ɗaukewa watanni da yawa, lissafin ya canja, sai ki kai wa malamin fiƙihu wannan mas'alar a matsayin tambaya, ba sai kin ambaci sunan kowa ba.

Wata ukun istibra'in nan su ne kuma ma'auninsa. Ki faɗa masa sau ɗaya, a rubuce, gajere: kin tuba, kin bar gidan, daga rana kaza, wato ranar da istibra'i zai cika, ƙofar mahaifinki a buɗe take, in yana so ya turo magabatansa cikin wata ɗaya daga wannan ranar, a ɗaura a fili da sanin gidansa. Ki rubuta ranar da lamba. Yana da wata uku ya sanar da matarsa, ya gyara inda zai sa ki, ya yi gwajin asibiti. Namijin da ke son aure wannan lokaci ya ishe shi har da saura.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin ki tura saƙon ki gama shiri. Ki tattara takardun makarantarki da na aikinki na baya ki kai su gidan wata 'yar'uwa. Ki duba ko layin wayarki da asusun bankinki da sunanki suke, kuma saƙon kuɗi ba ya shiga wayarsa, in ba haka ba ki buɗe sabo. Ki canja lambobin sirri na waya da na shafukanki. Ki zaɓi mutum ɗaya a dangi mai riƙe sirri, gwaggo ko yaya, ki gaya mata kin bar aiki tuntuni kuma kina son komawa cikin dangi. Ba sai kin zayyana mata abin da Allah Ya rufa ba. Dole ki fita daga gidan nan, domin yana da makulli, kuma istibra'i ba ya yiwuwa a ɗakin da mutum zai iya turo ƙofa da tsakar dare. Makullin ki aika masa ta hannun wani.

Kuɗi zai yi miki wuya, gara ki sani tun yanzu. Albashin makarantar kuɗi ba zai kai rabin abin da kika saba kashewa ba. Irin waɗannan makarantu sun fi ɗaukar malamai a dogon hutu, kafin zangon Satumba, kafin nan kuma darasin gida na yamma yana riƙe mutum. Gwala-gwalai da sutura da abin da ya tara miki a asusu, kar ki yi fushin zuciya ki watsa masa su. Malamai sun ce dukiyar da aka samu ta wannan hanya ba a mayar wa wanda ya bayar, sadaka ake yi da ita, kuma Ibn Taimiyya ya ce macen da ta tuba in mabuƙaciya ce za ta iya riƙe gwargwadon buƙatarta har da jarin sana'a. Ki riƙe abin da zai tsayar da ke da ƙafarki, sauran ki fitar.

Inda wannan shiri ya fi rushewa wuri ɗaya ne, haɗuwar bankwana. Zai ce ki bari ya zo sau ɗaya ku yi sallama ta mutunci. Zai yi kuka, zai dafa Alƙur'ani, wataƙila ya kwanta ciwo a turo miki hotonsa da ƙarin ruwa a hannu, wataƙila makullin mota ya iso ko kujerar Umara. A irin wannan gaɓar Ray ta juyo. Keɓewa ɗaya in ta kai ga abin da kuka saba, lissafin istibra'i ya koma farko, shi kuma ya gane wa'adinki ba wa'adi ba ne. Duk maganar da yake da ita ya kai wa yayanki ko kawunki. In lallashi ya ƙi ci ya koma barazana da hotuna ko saƙonninku, kar ki goge komai, ki adana su, ki je wurin lauya ko 'yan sanda, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazana. Kar kuma ki kira uwargidansa, ko don huce haushi ko don neman afuwa. Baiwar Allah nan shekara 9 ana cin haƙƙinta na kwana da na dukiya, kiranki ƙarin ciwo ne kawai. Ki sa ta a addu'a. Masu cewa ki kawo kuɗi a yi miki aiki a kansa ya turo, ki rufe musu ƙofa, kin fito daga wani zunubi kar ki faɗa wanda ya fi shi.

Makonnin farko za ki ji kamar an yi miki mutuwa, hannunki zai riƙa kai wa waya da kansa a lokacin da ya saba kira. Ki cika wannan lokacin da wani abu tsayayye, Islamiyyar dare ko darasin yara. In rashin barci da rashin cin abinci suka wuce mako biyu, ko kika fara jin gara mutuwa, ki ga likita ba tare da jinkiri ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna. Ki riƙe aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah.

In ya turo, kar murna ta rufe miki ido. Za ki shiga gidan da uwargida da 'ya'yanta za su iya gano tarihinku, kuma za ki zauna da mutumin da kika ga yadda ya iya yi wa matarsa ƙarya shekara 9 fuskarsa ba ta canja ba. Maza da yawa da suka auri farkarsu zargi ne ke cin auren, don yana tuna yadda ya same ki. In kin ga za ki iya, ki nemi muhallinki daban, a rubuta sadaki, gidan nan in da gaske naki ne a mayar da takardunsa sunanki gaban shaidu kafin ɗaurin aure. Ni dai in ra'ayina kike nema, ban ga alamar zai turo ba.

Malamin makarantar kuma mutum ne mai zuciya, kar ki ajiye shi a matsayin madogara in waccan ta ƙi. Ki ce masa ya ba ki wata huɗu ki yi istihara ki shawarci manya, kuma ki yi ɗin da gaske. Ba wajibi ba ne ki ba shi labarin abin da ya wuce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ana yafe wa dukan al'ummarsa ban da masu bayyana zunubinsu. Amma kar ki rantse masa a kan ƙarya. In ya kafa sharaɗin da kin san ba ki cika shi ba, ki janye cikin mutunci ba tare da dogon bayani ba. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne sakamakon asibiti. Ki yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da ciwon sanyi yanzu, ki maimaita na ƙanjamau bayan wata uku daga haɗuwarku ta ƙarshe, domin gwajin gaggawa na iya kasa gano cutar da ta shiga kwanan nan har zuwa kwana 90. Ki haɗa da gwajin rukunin jini na sikila, wanda jihar Kano ma ta wajabta shi tare da sauran kafin aure tun 2024. Batun haihuwa, a shekara 35 dama tana nan amma ta fara raguwa, kuma raguwar tana ƙara sauri zuwa 40. In allura kike yi, ɗaukar ciki kan iya jinkirta kusan wata goma daga allurar ƙarshe. In kin yi aure aka yi wata shida ba labari, ku je wurin likitan mata tare da mijin, kar ku jira shekara.

Ranar da wa'adin ya cika, in ba a ga manyansa a zauren mahaifinki ba, kar ki ƙara masa ko mako ɗaya, ko da wane uzuri ya zo. Ki toshe lambarsa, ki gaya wa gwaggonki ta sanar da malamin makarantar amsarki, ko eh ce ko a'a. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.